Jagorar koyar da lissafin yiwuwa da logaridim da fakitin karta a babbar sakandare

Logaridim yana cikin darussan da ɗalibai kan haddace dokokinsu, su ci jarrabawa, sannan su manta da su kafin zangon karatu ya ƙare, kuma babban dalilin haka shi ne ana miƙa musu amsa tun ba su taɓa cin karo da tambayar da ta haife ta ba. Fakitin karta guda yana iya gyara wannan, domin cikin katuna 52 akwai tambayoyi masu sauƙin fahimta waɗanda tarawa da ninkawa da rabawa suke kai mutum rabin hanya su yar da shi. Tsarin wannan jagora ya ginu a kan sharaɗi ɗaya: malami ya riƙe kalmar logaridim a bakinsa har sai ajin ya makale da kansa. Aikin zai ci darasi uku ko huɗu, gwargwadon ƙarfin ɗaliban.

Shiri kafin shiga aji

Ana bukatar fakiti ɗaya ga kowane rukuni na ɗalibai huɗu ko biyar, da kalkuleta mai maɓallin log ko jadawalin logaridim mai lambobi huɗu, da takardar da kowane rukuni zai riƙa rubuta sakamakon gwajinsa. A cire katunan joka, a ƙirga ragowar a gaban ɗalibai a tabbatar 52 ne cif, domin kati ɗaya da ya ɓace ya isa ya karkatar da duk lissafin da zai biyo baya. Malami ya bayyana tun farko cewa a nan karta kayan ƙirga ce kawai, babu kuɗi, babu wanda ya ci ko aka cinye.

Kada a ɗauka kowa ya san katunan. Kowane rukuni ya shimfiɗa fakitinsa a kan tebur cikin layi huɗu. Kowane layi gida ne: mai zuciya ♥ da mai lu'ulu'u ♦ jajaye ne, mai ganye uku ♣ da mai kan mashi ♠ baƙaƙe ne. Kowane gida yana da daraja 13, wato A, sai 2 zuwa 10, sai J, da sarauniya Q, da sarki K. Wannan shimfiɗa ta 4 sau 13 ita ce taswirar da za a riƙa komawa gare ta, don haka yana da kyau a zana ta a gefen allo a bar ta har ƙarshen darussan.

Mataki na farko: kati ɗaya

Idan an cakuɗa fakiti sosai, kowane kati yana da dama daidai da ta ɗan'uwansa, saboda haka yiwuwar abu ita ce adadin katunan da suka cika sharaɗin a raba da 52. Yiwuwar zaro A ita ce 4/52, wato 1/13. Yiwuwar zaro kati daga gidan zuciya 13/52 ce, wato 1/4. Wannan ba ya ɗaukar lokaci.

Tambayar da ta cancanci tsayawa ita ce yiwuwar zaro kati wanda yake sarki ne ko kuma ɗan gidan zuciya. Da wuya a rasa wanda zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, 17 cikin 52 ne, sarakuna huɗu da zuciya goma sha uku." Maimakon a gyara masa da baki, a kira shi gaban tebur ya tattara katunan da hannunsa ya ƙirga. Zai sami 16, ya sake ƙirgawa ya sami 16, sannan idonsa ya faɗa kan sarkin zuciya, wanda ya ƙirga sau biyu a ka amma sau ɗaya yake a hannu. Daga nan sai a rubuta doka: 4/52 + 13/52 − 1/52 = 16/52 = 4/13.

Mataki na biyu: kati biyu, a mayar ko kada a mayar

Idan aka zaro kati, aka duba, aka mayar da shi aka sake cakuɗawa, zarowa ta biyu ba ta da alaƙa da ta farko, don haka yiwuwar samun A sau biyu a jere ita ce 1/13 × 1/13 = 1/169. Idan kuwa aka ajiye katin farko a gefe, A uku suka rage cikin katuna 51, amsar ta koma 4/52 × 3/51 = 1/13 × 1/17 = 1/221. A rubuta 1/221 a kusurwar allo, za a bukace ta nan gaba.

A nan ne ya kamata a yi maganin wani zato da ke yaudarar manya ma, wato cewa abin da ya daɗe bai fito ba ya kusa fitowa. Muddin ana mayar da kati ana cakuɗawa, fakitin ba ya tuna komai, kuma ko an yi zarowa ashirin babu A, ta ashirin da ɗaya tana nan a kan 1/13. Sai idan ba a mayarwa ne abin da ya fita yake sauya abin da ya rage. Ɗalibin da bai rarrabe waɗannan yanayi biyu ba zai yi ta tuntuɓe a mataki na huɗu, saboda haka gara a ba da misalai biyu ko uku a tabbatar kowa ya kama.

Mataki na uku: hannu mai kati biyar

Hanyoyin zaro kati biyar ɗaya bayan ɗaya su ne 52 × 51 × 50 × 49 × 48 = 311,875,200. Amma wanda aka raba wa kati biyar bai damu da wanda ya fara zuwa hannunsa ba, kuma kowane rukunin kati biyar ana iya jera shi ta hanya 5 × 4 × 3 × 2 × 1 = 120. Idan aka raba, za a sami 2,598,960, adadin hannaye daban-daban masu kati biyar. Idan ɗalibai sun yi gardama a kan rabawa da 120, a ba su kati uku su jera su ta duk hanyar da za su iya. Za su tsaya a kan shida, kuma su da kansu za su ga cewa duka shidan hannu ɗaya ne.

Da wannan lamba a hannu, a lissafa abubuwa uku. Kati biyar duka daga gida ɗaya: hanyoyin zaɓen 5 cikin 13 su ne 1,287, a ninka da gidaje huɗu a sami 5,148, wato kusan sau ɗaya cikin 505. Yana da amfani a sake bin wannan ta wata hanya, a ce katin farko ko wanne ne, sauran huɗun su bi gidansa: 12/51 × 11/50 × 10/49 × 9/48, wanda yake ba da 0.00198, amsa ɗaya da ta farko. Kati huɗu masu daraja ɗaya: daraja 13 a ninka da katuna 48 da za su iya cike gurbi na biyar, 624 ke nan, sau ɗaya cikin 4,165. Sai hannu mafi tsada a wasan poka, wato 10, J, Q, K da A na gida ɗaya, wanda hanyoyinsa huɗu ne kacal, sau ɗaya cikin 649,740.

Kafin a bar wannan mataki a yi gwaji da hannu. A tambayi ajin: idan aka raba kati biyar, sau nawa za a sami aƙalla biyu masu daraja ɗaya? Yawanci hasashen da ake bayarwa ƙasa yake da gaskiya. Kowane rukuni ya raba hannu ashirin, yana cakuɗawa sosai tsakanin kowane rabo, ya rubuta "akwai" ko "babu", sannan a tara sakamakon ajin duka a allo. Lissafin ya fi sauƙi ta bayan gida, wato a nemi yiwuwar a rasa: 48/51 × 44/50 × 40/49 × 36/48 = 0.507. A debe wannan daga 1, saura 0.493, kusan rabi. Sakamakon rukuni ɗaya zai iya yin nisa da rabi, amma jimillar ajin takan matso kusa, kuma wannan bambanci darasi ne da ya cancanci minti biyar. Dabarar "aƙalla ɗaya daidai yake da 1 a debe babu ko ɗaya" ita ce gadar da za a bi zuwa logaridim.

Mataki na huɗu: tambayar da za ta makalar da aji

A rubuta wannan a allo: ana zaro kati, a duba, a mayar, a cakuɗa. Sau nawa za a yi haka kafin yiwuwar ganin A aƙalla sau ɗaya ta wuce rabi?

Amsoshi biyu ne sukan fara fitowa. Wasu za su ce 13, wasu su ce 6 da rabi, kuma dukansu tunani ɗaya suka bi, cewa kowace zarowa tana ƙara 1/13. A tambaye su abin da zai faru a zarowa ta 14 idan haka ne. Yiwuwar za ta zama 14/13, ta wuce 1, abin da ba ya yiwuwa, kuma kowa ya san ana iya zarowa sau goma sha huɗu ba a ga A ba. Da zarar wannan hanya ta rushe, a tuna musu dabarar bayan gida. Yiwuwar a rasa A a zarowa ɗaya 12/13 ce, a zarowa n kuwa ita ce 12/13 a ninka da kanta sau n, wato (12/13)^n, inda lambar da ke bin alamar ^, wadda a allo ake rubuta ta ƙarama a sama, za mu kira ta ƙarfi. Ana neman n da zai sa wannan ya faɗi ƙasa da 0.5.

A bar su su yi ta ninkawa da kalkuleta: 0.923, 0.852, 0.787, 0.726, haka har zuwa 0.527 a karo na takwas da 0.487 a karo na tara. Amsa 9 ce, kuma sun same ta ba tare da logaridim ba. Su ci gaba zuwa 13, su ga cewa yiwuwar rasawa tana nan a 0.353, ma'ana wanda ya zaro sau 13 yana da kashi 65 cikin ɗari ne kawai na ganin A.

Yanzu sai malami ya ƙara nauyi. Sau nawa za a raba hannu mai kati biyar kafin yiwuwar ganin biyar daga gida ɗaya ta wuce rabi? Wannan yana nufin ninka 0.99802 da kanta har ta sauko 0.5, aikin da zai bukaci danna maɓalli sau ɗaruruwa. Sai a ƙara da hannun nan na sau ɗaya cikin 649,740. A ƙyale su su gwada na minti biyu ko uku, har wani ya ajiye kalkuleta ya ce wannan ba mai ƙarewa ba ne. Abin da ake nema yana zaune a sama, a gurbin ƙarfi, kuma duk dabarun da suka sani na warware lissafi ba su da tsanin da zai kai can. Idan lokacin darasi ya ƙare a daidai nan, babu laifi, su kwana da tambayar.

Mataki na biyar: shigowar logaridim

A fara da abin da suka sani. 10^2 = 100, 10^3 = 1,000. Logaridim na lamba a tushe 10 shi ne amsar tambayar "wane ƙarfi zan ɗora wa 10 in sami wannan lamba?" Saboda haka log 100 = 2, log 1,000 = 3, log 221 kuwa yana tsakanin 2 da 3, kuma kalkuleta za ta ba da 2.344. A koma kusurwar allo inda aka ajiye 1/221. Lambar 221 ta fito ne daga 13 × 17, don haka ɗalibai su nemo log 13 da log 17, su sami 1.114 da 1.230, su tara. Za su ga 2.344. Ninkawa ta koma tarawa a gaban idonsu, kuma dalilin ba boyayye ba ne: idan aka ninka 10^1.114 da 10^1.230, ƙarfin ake tarawa.

Wannan shi ne ainihin abin da aka ƙirƙiri logaridim dominsa. John Napier, mutumin Sikotland, ya wallafa jadawalinsa a 1614 don ya rage wa masu lissafin taurari wahalar ninka dogayen lambobi da hannu, sannan Henry Briggs na Ingila ya mayar da tsarin kan tushe 10, ya fitar da babban jadawalinsa a 1624.

Daga dokar tarawa doka ta biyu take fitowa ba da wahala ba. Idan log na ninki tarawa ne, to lambar da aka ninka da kanta sau n log ɗinta shi ne log ɗin lambar a tara sau n, wato log(a^n) = n × log a. Wannan doka ce take sauko da n daga sama. A koma kan tambayar A:

(12/13)^n < 0.5
n × log(12/13) < log 0.5
n × (−0.03476) < −0.30103
n > 8.66

Tun da ba a yin rabin zarowa, amsa 9 ce, daidai da abin da suka samu da ninkawa, kuma wannan daidaito ne zai sa su amince da sabon kayan aikin. Wurare uku ne ake yawan zamewa a nan. Na farko, log na duk lambar da ke tsakanin 0 da 1 yana ƙasa da sifili, kuma idan aka raba ɓangarorin biyu da lamba mai alamar ragi, alamar < takan juya ta koma >. Na biyu, a irin wannan tambaya sama ake cikewa kullum, ko da amsar 8.1 ce, domin 8 ba ta kai ba. Na uku ya shafi masu amfani da jadawali: log 0.9231 ana rubuta shi da 1 mai sanda a kai sannan .9652, ma'anarsa −1 + 0.9652 = −0.0348, kuma ɗalibin da ya karanta shi a matsayin −1.9652 zai sami amsar da ba ta kama hankali. A koya musu su tambayi kansu ko amsar ta yi kama da gaskiya kafin su ja layi a ƙarƙashinta.

Sauran tambayoyin yanzu aikin minti ɗaya ne kowace. Don yiwuwar ganin A ta kai kashi 90 cikin ɗari, ana raba log 0.1, wato −1, da −0.03476, a sami 28.8, zarowa 29 ke nan. Don ta kai kashi 99, ana raba −2, a sami 57.5, zarowa 58. A ja hankalinsu ga wannan: tafiya daga kashi 90 zuwa 99 tana cin zarowa daidai da tafiya daga sifili zuwa 90, kuma babu adadin zarowa da zai kai ga ɗari bisa ɗari, domin sifili ba shi da logaridim. Na biyar daga gida ɗaya kuwa, don yiwuwar ta wuce rabi, ana raba log 0.5 da log 0.998019 = −0.000861, amsa hannu 350. Na sau ɗaya cikin 649,740 yana bukatar hannu kusan 450,000.

Irin wannan tambaya tana cikin abubuwan da suka motsa ilimin yiwuwa tun farkonsa. Ana danganta wa wani Bafaranshe, Chevalier de Méré, tambayar sau nawa za a jefa ƙwayar ludo guda biyu kafin samun shida da shida ya fi rasawa yiwuwa, a zamanin da Blaise Pascal da Pierre de Fermat suka yi musayar wasiƙunsu na 1654. Ɗalibai za su iya amsa ta a layi biyu: log 0.5 a raba da log(35/36) ya ba da 24.6, don haka jifa 24 ba ta isa ba, sai 25.

Mataki na shida: hanyoyin jera fakiti duka

Katin sama yana iya zama ɗaya cikin 52, na biye ɗaya cikin 51, haka har zuwa na ƙarshe, don haka adadin jere daban-daban shi ne 52 × 51 × 50 × … × 2 × 1, wanda ake rubutawa a taƙaice da alamar motsin rai a bayan lambar, wato 52! Kalkuletar kimiyya za ta iya ba da amsar da maɓalli ɗaya, amma a hana taɓa shi tukuna, domin lambar da ta faɗo daga na'ura ba ta barin komai a kan ɗalibi. A raba aikin wa rukuni shida, kowane rukuni ya tara logaridim na lambobin da aka ba shi. Ga abin da ya kamata su samu:

1 zuwa 10: 6.5598
11 zuwa 20: 11.8264
21 zuwa 30: 14.0375
31 zuwa 40: 15.4880
41 zuwa 50: 16.5714
51 da 52: 3.4236

Jimilla 67.9067. A karanta wannan a hankali, kashi biyu. Abin da ke gaban ɗigo, 67, yana faɗin girman lambar: ƙarfin 10 ne, kuma lambar tana da gurbi 68. Abin da ke bayan ɗigo yana faɗin yadda take farawa, domin 10^0.9067 kusan 8.07 ne. Ke nan 52! kusan 8.07 × 10^67 ne. Yanzu a bari su danna maɓallin su tabbatar. Mai son ya nuna iyakar na'urar ya sa su gwada 104!, wato fakiti biyu da aka bambanta bayansu: yawancin kalkuletocin makaranta suna tsayawa a 69!, su nuna kuskure, alhali tara logaridim yana kaiwa ga kusan 1.03 × 10^166.

Faɗin lambar ba ya isa, sai an auna ta da wani abu. Masana sun kiyasta shekarun sararin samaniya a kan biliyan 13.8, kimanin daƙiƙa 4.35 × 10^17, log ɗinta 17.64. A ce mutum biliyan 8, log ɗinsu 9.90, kowannensu yana cakuɗa fakiti sau ɗaya a kowace daƙiƙa tsawon wannan lokaci duka. A tara, 27.54. A debe daga 67.91, saura 40.37. Ma'ana duk wannan aiki bai taɓa ko kashi ɗaya cikin 10^40 na jeren da ake da su ba. Saboda haka idan ɗalibi ya cakuɗa fakitinsa da kyau, kusan tabbas ne jeren da ke hannunsa bai taɓa faruwa ba. Lissafin nan duka tarawa ɗaya ce da debewa ɗaya.

Mataki na bakwai: layin wuya, da tushe 2

A zana dogon layi a allo, a sa masa lamba daga 0 zuwa 12, sannan a ɗora kowane abin da aka lissafa a kan log na "sau ɗaya cikin nawa". Zaro A yana kan 1.11, A biyu a jere 2.34, biyar daga gida ɗaya 2.70, huɗu masu daraja ɗaya 3.62, hannun poka mafi tsada 5.81. A ƙara guda: a wasannin da ake raba wa mutum kati 13, hannaye daban-daban 635,013,559,600 ne, huɗu daga ciki ne suke gida ɗaya cikakke, don haka wannan yana kan 11.20. Kowane taku ɗaya a layin yana nufin abin ya ninka wuya sau goma. A ƙalubalanci ɗalibai su ɗora waɗannan lambobi a kan layi na yau da kullum, za su tarar biyar na farko sun cunkushe a wuri ɗaya kusa da sifili. Ma'aunin girgizar ƙasa da na ƙarfin sauti duk a kan wannan tunani aka gina su.

Tushe 2 ya fi kyau a shigo da shi ta wasa. Ɗalibi ya riƙe kati a ɓoye, ajin ya gano shi da tambayoyin da amsarsu "i" ce ko "a'a". Masu tambayar "sarkin zuciya ne?" za su daɗe. Mai dabara zai tambaya ko ja ne, saura 26, ya tambayi gida, saura 13, ya tambaya ko darajar ta wuce 7, saura 7 a mafi yawa, sannan 4, sannan 2, sannan 1. Tambaya shida. Dalili shi ne 2^5 = 32 bai kai 52 ba, 2^6 = 64 ya wuce, kuma log 52 a tushe 2 ana samunsa ta raba log 52 da log 2, wato 1.7160 ÷ 0.3010 = 5.70. Dokar sauya tushe ke nan, ta zo daidai lokacin da ake bukatarta.

Ga aji mai ƙarfi, wannan yana buɗe tambayar sau nawa ya kamata a cakuɗa fakiti. A ɗauki irin cakuɗawar da ake raba fakiti gida biyu a sarƙa su cikin juna. A kowane gurbi cikin 52, katin ya fito ne daga hannun dama ko na hagu, don haka cakuɗawa ɗaya ba ta iya haifar da jere fiye da 2^52, cakuɗawa k kuwa ba ta wuce 2^(52k). Log na 52! a tushe 2 shi ne 67.9067 ÷ 0.30103 = 225.6, a raba da 52 a sami 4.34. Ke nan cakuɗawa huɗu ba za ta taɓa iya kaiwa ga kowane jere ba komai ƙwarewar hannu, aƙalla sai biyar. Wannan iyaka ce ta ƙasa kawai, domin iya kaiwa ga kowane jere daban yake da ba kowane jere dama kusan daidai. Dave Bayer da Persi Diaconis sun nuna a 1992 cewa wajen cakuɗawa ta bakwai ne fakiti yake fara gaurayuwa yadda ya kamata. Wannan yana da amfani ga gwaje-gwajen ajin kansu: idan sakamakon wani rukuni ya yi ta karkata gefe guda, a fara duba yadda suke cakuɗawa kafin a tuhumi lissafi.

Gwajin rufewa da aikin gida

Ɗalibai biyu su zauna fuska da fuska, kowa da fakitinsa a cakuɗe, su riƙa buɗe kati ɗaya-ɗaya a tare har 52 su ƙare. Tambayar ita ce yiwuwar a sami aƙalla karo ɗaya da katunan biyu suka zo iri ɗaya sak, daraja da gida. Galibi za a ce abu ne mai wuya. Amsar kashi 63 ce cikin ɗari, kuma idan kowane rukuni ya yi zagaye biyar aka tara, gani zai kori ji. Pierre Rémond de Montmort ya yi nazarin irin wannan wasa a littafinsa na 1708. Cikakkiyar hujjar ta fi ƙarfin wannan aji, amma ana iya kusantarta: kowane karo yana da yiwuwar rasawa 51/52, kuma ko da yake karon ba su rabu da juna gaba ɗaya ba, (51/52)^52 yana ba da 0.364, kusa da amsar gaskiya 0.368. Wannan 0.368 ita ce 1/e, inda e = 2.718…, tushen logaridim ɗin da maɓallin ln yake bayarwa. Ita ce kuma ta sa zarowa 13 ta ba da 0.353 a mataki na huɗu, kuma ln 2 = 0.693 shi ne abin da aka ninka 505 da shi ya zama 350, aka ninka 649,740 ya zama kusan 450,000. Ɗalibai su gwada wannan gajeriyar hanya a kan 13, su sami 9.0 a maimakon 8.66, su gane cewa tana ƙara daidai ne yayin da abin yake ƙara wuya.

Don aikin gida, tambayoyi uku sun isa, kuma ga amsoshinsu don malami. Yiwuwar samun aƙalla A ɗaya cikin kati biyar: hannayen da ba su da A su ne 1,712,304, don haka amsa 1 − 0.659 = 0.341. Sau nawa za a zaro a mayar kafin yiwuwar ganin wani kati guda da aka ambata ta kai kashi 95 cikin ɗari: log 0.05 a raba da log(51/52), wato −1.30103 ÷ −0.008433 = 154.3, zarowa 155. Gurbi nawa 30! take da shi: jimillar layuka uku na farko a jadawalin rukunoni 32.4237 ce, gurbi 33. Wajen duba aikin, a ba da maki ga layin da ɗalibi ya rubuta yiwuwar rasawa, da layin da ya sauko da n daga gurbin ƙarfi, da layin da ya juya alama, kowanne da makinsa daban da na amsar ƙarshe.